RA'AYINMU: Kwasa-kwasan Da Ake Rainawa, Alhali Da Su Ake Juya Mu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ilmi da ma'abotansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan ji magana iri ɗaya a gidaje da yawa. Uba ya ƙwallafa rai ɗansa zai karanta likitanci ko shari'a ko injiniyanci, to idan aka ba yaron ilmin ƙididdiga, ko shirya shirye-shiryen rediyo da talabijin, ko ilmin talla, ko ilmin halayyar ɗan Adam, sai gida ya yi tsit kamar an yi rashi. Wasu su ce kwas ɗin 'yan rakiya ne, wanda ake jefa wa wanda makinsa bai kai ba. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, su ce fannoni ne na yaudara da gurɓata aƙida, don haka nisantarsu ya fi. A fahimtarmu duka maganganun biyu kuskure ne, kuma ƙwarewa a waɗannan fannoni ta shiga sahun farillan kifaya, wato irin aikin da idan kowa ya bar shi, laifin zai hau kan kowa.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ko da yake a jami'a kowane fanni da sashensa da malamansa, a waje sana'a ɗaya ce aka raba gida huɗu. Mai ƙididdiga shi ke ƙirga mutane ya karkasa su, masanin halayya ya binciko abin da suke tsoro da abin da suke kwaɗayi, mai shirya shiri ya zuba saƙon cikin murya da hoto, mai talla kuma ya kai shi inda zai yi aiki. Wannan haɗin ya daɗe. A 1920 John Watson, ɗaya daga cikin manyan malaman ilmin halayya a Amurka, ya bar jami'a, ya koma aiki da kamfanin talla na J. Walter Thompson. A 1929 Edward Bernays, wanda Sigmund Freud kawunsa ne, ya karɓi aikin wani kamfanin taba da ke son mata su riƙa shan sigari a bainar jama'a, abin da a lokacin ake ɗauka abin kunya. Ya nemi shawarar wani masanin halayya, sa'an nan ya shirya wasu 'yan mata suka fito suna busa sigari cikin jerin gwanon bikin Ista a birnin Niyok, aka shaida wa 'yan jarida wai alama ce ta 'yancin mata. Jaridu suka yaɗa labarin, kamfani ya sami talla ba tare da an kira ta talla ba.

A yau wannan sana'a tana cikin aljihun kowa. A watan Janairu na 2012 kamfanin Facebook ya shafe mako guda yana sauya abin da mutum 689,003 suke gani a shafukansu, wasu a rage musu labaran farin ciki, wasu a rage musu na baƙin ciki, domin a ga ko abin da suke rubutawa zai canja. Duniya ba ta san an yi ba sai da aka buga sakamakon a 2014. A 2018 kuma asirin kamfanin Cambridge Analytica ya tonu, bayan ya mallaki bayanan mutanen da Facebook ya ce za su iya kai miliyan 87, domin amfani da su a harkar zaɓe. Saboda haka ƙin karanta waɗannan fannoni ba ya kuɓutar da kowa daga tasirinsu, iyaka dai a yi aiki da su a kansa bai sani ba.

Mu ɗauki ilmin ƙididdiga. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa 'yan Nijeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban kamar lafiya da ilmi da muhalli, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. An yi ƙidayar jama'a a 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa aka ɗage ta. Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara kasafi, ake raba makarantu da asibitoci, ake kuma yanke wa al'umma hukunci a idon duniya. Wanda bai san yadda aka tattaro su ba, ɗayan biyu ne: ko ya haɗiye su ba taunawa, ko ya yi watsi da su da sunan makirci ne, kuma duka biyun ba hujja. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu, yakan soka ƙarfe a wurare dabam-dabam ya duba abin da ya fito. Asalin darasin ke nan: ta ina aka soka, kuma sau nawa? A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta yi shelar cewa Landon zai kayar da Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48, domin kuwa yawancin sunayen daga jerin masu tarho da masu mota aka kwaso su, talakawa ba su shiga ba. Haka nan idan mutum tara a zaure kowa yana samun naira 20,000 a wata, na goma yana samun miliyan ɗaya, lissafi zai ce matsakaicin samunsu naira 118,000 ne, alhali babu ko ɗaya a cikinsu da yake samun haka. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba a ruɗa shi da lamba.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wajen magabatanmu. Imam Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi umurni a rubuto masa adadin waɗanda suka musulunta, aka rubuto mutum 1,500. Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane domin rabon dukiyar baitulmali. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya ƙi yarda da abin da Mas'udi da wasu marubuta tarihi suka kawo cewa mayaƙan Bani Isra'ila sun kai 600,000 a zamanin Annabi Musa, Alaihis Salam. Ya auna adadin da rundunar Farisa a Ƙadisiyya, ya duba 'yan kakannin da ke tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙub, ya ce lissafin ba zai ɗauka ba. Imam Ghazali kuma, a cikin Ihya'u, ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya. Al'ummar da ta ƙago ilmin tantance maruwaita bai dace a ce ita ce mai gudun darasin tantance alƙaluma ba.

Game da aikin shirya shirye-shirye, dattawanmu shaida ne a kan yadda tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, ya ratsa birane da ƙauyuka ta gidan Rediyon Kaduna tun ƙarshen shekarun 1960. Bayan kowane karatu da aka ji akwai wanda ya saita makirufo, da wanda ya naɗi murya, da wanda ya tace faifai, kuma da ba su iya aikinsu ba da karatun ya tsaya a cikin masallaci. Wannan ilmin shi ne kuma yake nuna wa mutum yadda ake yanko daƙiƙa talatin daga karatun awa biyu a juya maganar malami, da yadda ake ajiye kyamara taron mutum ɗari ya zama kamar na dubu, da yadda a yanzu kwamfuta ke ƙirƙiro muryar mutum tana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta mana bincike kafin ɗaukar labari, to da me za a yi binciken idan babu wanda ya san yadda ake haɗa faifan? A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba digirin aikin jarida gida bakwai, talla ta zama digiri mai zaman kansa, haka watsa shirye-shirye, haka harkar fim. Gurabe sun ƙaru, kuma idan 'ya'yanmu ba su cike su ba, ba za su zauna babu kowa ba.

Masu tsoron gurɓatar aƙida ba mu ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Haƙiƙa Freud ya ɗauki addini a matsayin ruɗin zuciya, kuma a aji za a karantar da ra'ayinsa. Sai dai ilmin halayya ya fi Freud faɗi nesa ba kusa ba: akwai yadda yaro ke koyo, da yadda ake mantuwa, da yadda shaye-shaye ke kama mutum, da yadda ake jinyar wanda ya ga tashin hankali. Tun ƙarni na huɗu bayan Hijira Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi da hanyoyin magance su a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus. A zamaninmu Farfesa Malik Badri na ƙasar Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya ƙware a fannin, kuma tun 1979 ya gargaɗi Musulmi masana halayya a kan bin Turawa ido rufe. Su kansu masu fannin suna tace shi: a 2015 an sake gwada bincike 100 da manyan mujallunsu suka buga, kimanin 36 ne kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Wanda ya shiga da tushen addininsa, ya kuma iya ƙididdiga, shi ne zai iya sheƙe ƙaiƙayi ya riƙe tsaba. Buƙatar kuwa a fili take, ga 'yan gudun hijira, ga matasan da ƙwaya ta kama. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta zama da majinyaci ta saurare shi, sai an sami ma'aikata masu jin harshensa da sanin addininsa.

Ita ma talla asalinta halal ce, domin bayyana haja ne ga mai bukata, kuma shari'a ta riga ta shata mata iyaka. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi wa mai shi faɗa a kan ɓoye aibi. Ya hana najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani, wanda ɗan'uwansa a yau shi ne sayen mabiya na bogi da yabon ƙarya a intanet. Ya kuma yi gargaɗi a kan rantsuwa don kaya su shige. Wanda ke sauraron tallan magunguna a tasha da kasuwa, inda kwalba ɗaya ke warkar da cuta goma, ya san fagen yana bukatar masu ilmi da tsoron Allah. Dokar 2022 ta kafa hukumar ARCON don kula da harkar talla, kuma ita ma da waɗanda suka karanta fannin take aiki.

Kiranmu na farko ga ɗalibai ne. Kada ku ɗauki darasin ƙididdiga da hanyoyin bincike tamkar shingen da za a tsallake a manta. Sanannen abu ne cewa wasu, idan lokacin rubuta kundin kammala digiri ya zo, sukan zauna a ɗaki su cike takardun tambayoyi da hannunsu da sunan wai jama'a ne suka amsa, wasu kuma su sayi kundin kacokan. Wannan shaidar zur ce, ko da malami bai gano ba, kuma wanda ya saba da ƙirƙirar alƙaluma a makaranta zai ƙirƙire su a ofis, inda rayuka ke rataye da su. Ku riƙe majalisin malamanku na addini, duk shubuhar da kuka ci karo da ita a aji ku kawo ta a warware.

Kira na biyu ga iyaye ne, da su daina karya gwiwar yaron da aka ba ɗaya daga cikin waɗannan fannoni, su kuma tabbatar ya sami tushen aƙida kafin ya tafi. Na uku ga shugabannin makarantun Islamiyya da kwamitocin masallatai: idan za a ba da tallafin karatu a sa waɗannan fannoni a lissafi, kuma a ba waɗanda suka kammala aikin da suka iya. A bar su su ƙirga ɗaliban da ke barin makaranta da dalilin barinsu, su tsara rajistar marayu da masu karɓar zakka, su kula da naɗar karatu da adana shi cikakke, domin ranar da aka yanko wani yanki a sami asalin da za a nuna.

Muna roƙon Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya tsare mu daga yaudara da kuma zama masu yaudara, Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya sa mu dace duniya da Lahira. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.