Kedarnath: A Fara Ƙayyade Yawan Mutane Kafin A Ɗaura Igiya

Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu, kuma muna da yawa, za su iya tuna fim ɗin Kedarnath na 2018, wanda marigayi Sushant Singh Rajput ya fito a matsayin ɗan dako Musulmi mai goya masu ziyarar ibada zuwa saman dutse. Soyayyar da ke ciki ƙagaggen labari ce, amma wurin yana nan, 'yan dakon suna nan, ambaliyar da aka nuna a ƙarshe ma ta auku. A kan wannan wuri nake so mu tattauna, domin hukumomin Indiya sun kama wata hanya game da shi wadda nake ganin ba za ta ɓulle ba.

Kedarnath wurin bautar mabiya addinin Hindu ne a jihar Uttarakhand da ke arewacin Indiya, can cikin tsaunukan Himalaya, a tsayin mita 3,583 daga doron teku. Ginin dutse ne da aka keɓe wa Shiva, kuma yana cikin wurare 12 da mabiyansa suka fi girmamawa. Wata shida kawai yake yi a buɗe. Ana buɗe ƙofarsa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, a rufe a Oktoba ko Nuwamba, sai a sauko da ibadar zuwa garin Ukhimath har hunturu ya wuce, saboda dusar ƙanƙara kan binne hanyar gaba ɗaya.

Titin mota a Gaurikund yake ƙarewa. Daga nan sai hawa na kimanin kilomita 16, a gefen kogin Mandakini. Mai ƙarfin ƙafa ya taka sayyada, ya tokara da sanda, ya huta a rumfunan masu shayi. Wanda ba zai iya ba ya hau alfadari ko doki. Mai hali ya biya mutum huɗu su ɗauke shi a kujera bisa kafaɗunsu, wanda ya fi shi hali kuma ya hau jirgi mai saukar ungulu. Akwai kuma kwando. Tsohuwa za ta zauna a cikinsa ta juya wa dutsen baya, ƙafafunta na reto, an lulluɓe ta da leda saboda ruwan sama, ɗan dako ya rataya igiyar kwandon a goshinsa, ya duƙa, ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya a kan matakalar da taɓo da kashin alfadarai suka sa ta santsi. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan dako daga Nepal suke zuwa cin rani. Ana ƙara hawa iska na ƙara yin ƙaranci, numfashi ya koma sama-sama, kai ya yi nauyi.

Ni Musulmi ne, aƙidata daban take da tasu. Amma mu jikokin mutanen da suka tashi a ƙafa daga Kano da Katsina suka ratsa Chadi da Sudan don su isa Makka, wasu suka shafe shekaru a hanya, wasu suka zauna a Sudan inda zuriyarsu take har yau, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan abin da ke sa mai shekara saba'in ta ce sai ta je ko da a kwando ne. Ina girmama wannan ƙudurin, shi ya sa ma abin da ake yi da rayukan masu shi yake damuna.

A ranakun 16 da 17 ga Yunin 2013 aka tafka ruwa mai yawan gaske a yankin. Tafkin Chorabari da ke sama da wurin bautar ya fashe, ruwa da laka da manyan duwatsu suka gangaro cikin kwarin. Rambara, zangon da matafiya ke yada zango a tsakiyar hanya, an shafe shi baki ɗaya. A faɗin jihar, mutum sama da 5,000 ne suka mutu ko suka ɓace. Ginin bautar ya tsira, wani ƙaton dutse ya tsaya a bayansa ya raba ruwan biyu. Tsohuwar hanya mai kilomita 14 ta lalace, aka sari sabuwa a ɗaya gefen kogin, wadda ta fi ta tsawo.

Wanda ya ga haka zai ɗauka daga ranar za a riƙa taka-tsantsan da yawan jama'ar da ake tarawa a wannan ƙuntataccen kwari. Abin da ya biyo baya shi ne gine-gine da talla. Firaminista Narendra Modi ya mayar da sake gina Kedarnath aikin da yake sa wa ido da kansa, har ya kwana a wani kogo a can a 2019. Maziyarta suka haura miliyan 1.5 a 2022, suka haura miliyan 1.9 a 2023, duk a cikin wata shida, jami'ai kuma suna sanar da adadin cikin alfahari. A 2022 an sa iyaka ta kimanin mutum 12,000 a rana. Da masu otal da masu safarar matafiya suka yi ca, gwamnatin jihar ta janye iyakar a 2023.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Alfadarai na faɗuwa matattu a hanya saboda ana kora su hawa da sauka ba hutu, har maganar ta kai babbar kotun jihar. Jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Oktoban 2022, mutum 7 suka mutu, wani ya sake faɗuwa a Yunin 2025, nan ma mutum 7. A ƙarshen Yulin 2024 ruwa ya yanke hanyar, sai da aka kwashe dubban mutane da suka maƙale. Duk shekara kuma ana rasa dattawa da zuciyarsu ta gaza, domin mutum ya baro zafin Delhi jiya, yau yana saman dutse, jikinsa bai samu lokacin sabawa ba.

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar a Maris ɗin 2025 ita ce amincewa da gina motocin da ke tafiya a rataye da igiyar ƙarfe, daga garin Sonprayag zuwa Kedarnath, kilomita 12.9, a kan rupi sama da biliyan 40. An ce tafiyar awa 8 zuwa 9 za ta koma minti 36, kuma za a iya kai mutum 18,000 a rana.

Ba na adawa da igiyar a karan kanta. Tsohon da za a hutar daga azabar hawa da alfadarin da za a sauke wa kaya, duka alheri ne. Adadin ne yake tayar mini da hankali. Mutum 18,000 ta igiya, ga masu ƙafa, ga masu jirgi, duk a kwari ɗaya da tarin ƙanƙara ke bisa kansa. Ina za su kwana, ina za su kewaya, ina za a kai shararsu? Idan ruwa ya sake ɓarkewa da tsakar dare, ta wace hanya za a fitar da su? Wahalar hawa ita ce ta daɗe tana tace yawan masu zuwa. Duk wanda zai cire ta, wajibi ne ya kafa doka a gurbinta. Ƙasar yankin ma ba ta da tabbas: a Janairun 2023 ɗaruruwan gidaje suka tsattsage a garin Joshimath na wannan jiha saboda ƙasa na nutsewa.

Za a ce wa ya isa ya hana mai imani zuwa wurin ibadarsa. Tambaya ce mai nauyi, amma mun san amsarta daga aikin Hajji. Tun 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da kason mutum ɗaya cikin kowane dubu. Akwai zafi, a wasu ƙasashen mutum kan jira shekaru kafin layi ya zo kansa, amma an karɓa saboda rai ya fi gaggawa. Da Saudiyya ta kawo jirgin ƙasa tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa a 2010, ba ta soke kason ba.

Indiya na da masana da suka san dutsen nan ciki da bai, irin na Cibiyar Wadia da ke Dehradun, wadda ta daɗe tana nazarin ƙanƙarar Chorabari. Su ya kamata su faɗi mutum nawa kwarin zai ɗauka a rana, a mayar da adadin doka tun kafin a kafa turken farko, kuma ragin ya fara daga kujerun jirgi da layin manya, kada ya ƙare a kan talakan da ya yi shekaru yana tara kuɗin tafiya.

Sai 'yan dako da masu alfadarai, dubban magidanta da abin da suka samu a wata shida shi ke riƙe gidajensu har shekara ta zagayo. Ranar da igiyar ta fara aiki, yawancin masu hawa kwando da alfadari za su koma can. Ya kamata tun yanzu a ƙidaya su, har da baƙin Nepal, a ware musu gurabe a tashoshin da aikin gyaran hanya, a kuma rubuta hakan cikin yarjejeniyar kamfanin da zai gudanar da igiyar.