Lalurar Otizim: Yaran ne Suka Ƙaru ko Masu Ƙidayar?

Wata shekara aikin duba ɗalibai masu gwajin koyarwa ya kai ni wata makarantar firamare a ƙasar Wasagu, cikin Masarautar Zuru. A ƙarshen aji na hango wani yaro ɗan kimanin shekara bakwai ya jera marafan kwalabe a kan benci, layi guda miƙaƙƙe sambal. Malama ta kira sunansa har sau uku bai waiwayo ba, amma da babur ya wuce can bakin hanya sai ya toshe kunnuwansa da hannu bibbiyu. Da ta matso kusa ta ce masa, "Kana jin yunwa?" sai ya mayar mata da cewa, "Kana jin yunwa." Bayan an tashi darasi na tambaye ta labarinsa, ta ce, "Allah gafarta Malam, an ce dolo ne, wasu kuma sun ce iska ce ta shafe shi tun yana goye." Faɗin sunan abin da ke tare da wannan yaro aikin likita ne. Sai dai da a Landan aka haife shi, da tuni an auna shi, an buɗe masa fayil, ya shiga lissafin hukuma. A Wasagu kuwa ba ya cikin lissafin kowa.

Lalurar da irin waɗannan alamomi kan nuna ita ce Turawa ke kira otizim. Wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa, wanda kan bayyana tun yaro yana ƙarami ta fuskoki biyu: wahalar cuɗanya da musayar zance da mutane, da kuma nacewa a kan abu guda ko maimaita motsi iri ɗaya. Wani mai ita ba ya magana sam, wani kuwa yakan yi karatu har jami'a. An fi gano ta a jikin yara maza, kusan ninki uku zuwa huɗu na mata. Likitan da ya fara bayyana ta a matsayin lalura mai zaman kanta shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, a shekarar 1943, bisa nazarin yara 11 kacal.

Abin da ya ɗaga hankalin duniya shi ne alƙaluma. A 1966 Victor Lotter ya ƙidaya yara a yankin Middlesex na Ingila, ya sami tsakanin 4 da 5 cikin kowane 10,000. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wadda ke ƙidayar yara 'yan shekara takwas, ta sami yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, sai 1 cikin 68 a 2010, sai 1 cikin 36 a 2020, sannan 1 cikin 31 a 2022. Duk wanda ya dubi wannan jeri ba tare da ya tambayi yadda aka same shi ba, zai ɗauka wata annoba ce ta ɓarke. A nawa ra'ayi, mafi yawan wannan hauhawa ba daga jikin yara ta fito ba. Daga ma'anar kalmar ta fito, da kuma yawan idanun da aka sa suna dubawa.

Ɗalibin da ya yi nazarin ilimin ma'ana ya san cewa kalma takan faɗaɗa. Ma'anar kalma tamkar shingen gona ce: idan aka matsar da shinge, amfanin da ke ciki zai ƙaru ko da ba a ƙara shuka ƙwaya ɗaya ba. Haka ya faru da otizim. A zamanin Kanner, sai yaron da lalurar ta yi wa tsanani ake kira da wannan suna. Kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi wajen tantancewa bai ware mata babi nata ba sai a 1980. A Birtaniya kuma Lorna Wing da Judith Gould sun nuna a 1979 cewa lalurar hawa-hawa ce, daga mai tsanani zuwa mai sauƙi. An sassauta sharuɗɗan a 1987, a 1994 aka shigo da nau'in da ake jingina wa Hans Asperger, wato na yaran da ke magana sosai amma zama da mutane ke yi musu wuya, sannan a 2013 aka haɗe nau'o'in duka ƙarƙashin suna guda. Ke nan yaron da aka ƙidaya a 2022 ba lallai ne a ce da an ƙidaya shi a 1966 ba, ko da kuwa halinsu ɗaya ne.

Bayan faɗaɗar ma'ana akwai sauyin suna. A 1990 dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman ta Amurka ta sanya otizim cikin jerin lalurorin da makaranta za ta yi wa tanadi. Daga nan sunan ya zama mabuɗin samun malami na musamman da taimakon hukuma, iyaye suka tashi neman a auna 'ya'yansu. Manazarta sun lura cewa a jihohi da dama, yayin da adadin masu otizim ke hawa a rajistar makarantu, adadin waɗanda ake rubutawa da "raunin fahimta" yana sauka. Yaran ba su canza ba, gurbin da ake rubuta su ne ya canza. A ƙasar Danmak, inda ake ajiye bayanan lafiyar kowane ɗan ƙasa, wani bincike da aka buga a 2015 ya gano cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙaruwar da aka gani a yaran da aka haifa tsakanin 1980 da 1991 ta samo asali ne daga sauyin ƙa'idojin tantancewa da sauyin tsarin rajista.

Ba ina cewa babu wata ƙaruwa ta haƙiƙa ba. Tushen lalurar mafi girma gado ne. Wani bincike na 2019 da ya haɗa ƙasashe biyar ya ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin ɗari, gadon al'umma kuwa ba ya sauyawa cikin shekara ashirin. Amma akwai abubuwan da ke ƙara haɗari waɗanda zamani ya taɓa. Haihuwa a manyan shekaru, ga uwa ko ga uba, tana ƙara shi kaɗan, kuma a ƙasashen Turai mutane sun koma jinkirta haihuwa. (Mu ma nan, dattijon da ke sabunta aure yana da shekara sittin ya san da wannan.) Bakwaini, wanda a da ba ya rayuwa, yanzu asibiti na ceto shi, shi ma haɗarinsa ya fi na sauran yara. Akwai kuma maganin farfaɗiya mai suna valproate idan mai ciki ta sha, abin da ya sa ake son mace mai farfaɗiya ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, ba ta yanke magani da kanta ba. Waɗannan duka gaskiya ne, amma ko an tara su ba su isa su mayar da 1 cikin 150 ya koma 1 cikin 31 ba.

Dalilin da ya fi kowanne yawo a bakin mutane kuwa shi ne wanda ba shi da tushe, wato allurar rigakafi. Asalinsa wata maƙala ce da Andrew Wakefield ya buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1998, a kan yara 12. Daga baya aka gano an yi maguɗi a cikinta, mujallar ta janye ta a 2010, aka kuma soke lasisin likitancinsa a wannan shekara. A 2019 masana a Danmak suka fitar da sakamakon bibiyar yara 657,461, ba su ga wani bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa allurar ƙyanda da waɗanda ba a yi wa ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne lokaci: alamomin otizim sukan fara fitowa fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da ake tsaka da allurai. Carar zakara tana riga fitowar rana, amma ba ita ke fito da ita ba.

Na tsaya a kan wannan ne domin mu a Arewa mun ɗanɗana kuɗar jita-jita. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohinmu bisa zargin an gurɓata maganin, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta kawar da ainihin ƙwayar cutar. Yanzu da wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, maganar da aka yi a Washington da safe tana iya isa kasuwar Bena kafin la'asar. A Satumban 2025 Shugaba Donald Trump ya gargaɗi masu ciki game da farasitamol, yana danganta shi da otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujja a kan haka, kuma binciken da aka buga a 2024 a kan yara sama da miliyan biyu a Suwidin bai ga alaƙar ba da aka kwatanta 'yan uwa ciki ɗaya. Mai cikin da ke ƙasar zazzaɓin cizon sauro, idan ta bar zazzaɓi ya ci jikinta saboda wannan tsoro, ta gudu daga inuwa ta faɗa rana. Hasali ma, cutar rubela, wadda ake kira ƙyandar Jamus, idan ta kama mai ciki tana daga cikin sanannun abubuwan da ke jawo otizim, allurarta kuwa ita ce kariya.

To, ina matsayin Wasagu a cikin wannan lissafi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 a duniya yana da otizim, kuma babu dalilin da zai sa a ce lalurar ta tsallake ƙasar Zuru. Lotter ɗin nan da kansa ya zagaya wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya kuma ba da rahoto a 1978 cewa ya ga yara masu ita. Matsalarmu kishiyar ta Amurka ce: su shingensu ya faɗaɗa, mu ba mu kafa namu ba. Bahaushe yana da dolo da gaɓo da wawa da bebe da miskili, yana da "ɗan ruwa" wanda a da akan kai bakin rafi a ce ya koma wurin danginsa, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin wannan lalura ita kaɗai. Kafafen yaɗa labarai sun ɗauki kalmar galahanga, sai dai kunne ya sha jin ta a kan yaro mai lalurar Down da kuma wanda ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni wajen haihuwa, alhali lalurori ne mabambanta, kulawarsu ma daban. Shi ya sa na zaɓi aro kalmar otizim a wannan rubutu, kamar yadda muka aro asibiti da likita, har ranar da masana harshe da likitoci za su zauna su tsayar da wadda ta fi.

Ko ma'aunin da ake amfani da shi wajen tantance ƙananan yara ba a yanka shi daidai da jikinmu ba. Ana tambayar uwa ko ɗanta yana kallon idonta, ko yana amsawa idan ta kira sunansa. A wurinmu sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce, har a yaba wa yaro a ce yana da kunya. Uwa kuma ba ta kiran sunan ɗan fari saboda alkunya. A aji, inda yawancin darasi "ku maimaita" ne, yaron da ke mayar da magana kamar amsa-kuwwa zai iya shekara uku ana ɗaukarsa mai hadda. Sannan a Danko-Wasagu yaro kan tashi yana jin Dakarci ko wani harshen gida, da Hausa a kasuwa, da Ingilishi a makaranta, don haka idan bakinsa ya yi nauyi sai a ce harsuna ne suka yi masa yawa. Wannan kuskure ne. Tashi da harshe biyu ko uku ba ya jawo otizim, ba ya kuma hana yaro nuna abu da yatsa, ko kawo wa uwarsa abin wasa ta gani, ko shiga wasan 'yar tsana da langa tare da tsaransa. Rashin waɗannan ne abin lura, ba yawan harsuna ba.

Likitocin da za su iya tantancewa suna manyan asibitoci irin na ƙwaƙwalwa da ke Kware da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar sa'o'i masu yawa a hanyar da tsaro ya yi wa wuya. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba irin waɗannan yara haƙƙin ilimi, amma doka ba ta ganin yaron da ba a rubuta ba. Mutum na farko da zai iya rubuta shi shi ne malamin aji. Ba a nemi ya laƙaba wa ɗan wani suna ba. Abin da ake nema shi ne ya ajiye bulala, ya sami littafi ya riƙa rubuta abin da ya gani da ranar da ya gani: an kira shi bai amsa ba, ƙarar ƙararrawa ta firgita shi, an sauya masa wurin zama ya yi ta kuka har tashi. Ya fara ba da shawarar a auna jin yaron, domin kurumta ma takan yi kama da haka. Idan zai yi wa mahaifin magana, ya same shi a gida cikin sirri, ya fara da abin da yaron ya iya kafin abin da ya kasa.

Ranar da malamai a Ribah da Bena da Wasagu suka fara wannan rubutu, adadin masu otizim a Jihar Kabi zai tashi, wataƙila ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru, kuma za a sami masu cewa allura ce ko abincin gwangwani ko wayar hannu. Ɗalibar tawa ta fara nata littafin a makon da na bar makarantar. Abu na farko da ta rubuta shi ne yaron yana iya jera marafansa daga ƙarami zuwa babba ba tare da kuskure ko ɗaya ba, da su kuma ta fara koya masa ƙidaya.