Zaman Iyali: Kafin A Shiga Ɗakin Tiyata

A watan jiya wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni tana ɗingishi. Tun tana aji uku na san tana da cutar sikila, watau amosanin jini. Yanzu shekarunta 26. Ta ce, "Malam, likita ya ce kan ƙashin cinyata ya mutu, sai an sa mini na ƙarfe." Na ce, "'Yata, yaushe ne?" Ta ce saura wata uku, kuma a gida ba a maganar kome sai kuɗi. To, kuɗi dole ne, ba na musu. Amma akwai shirin da kuɗi ba ya yi, shi nake so mu duba a wannan wata.

Ga yadda ciwon yake. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Kan ƙashin cinya, wanda yake juyawa cikin kwatangwalo, hanyoyin da ke ciyar da shi kaɗan ne. In sun toshe sai ƙashin ya mutu, ya lotsa. Wannan ba karaya ba ce, saboda haka mai ɗori ba shi da abin yi a nan, kome gwanintarsa. Likita yakan yanke mataccen ƙashin ya sa wani na ƙarfe, da mazauninsa. Wani likitan Ingila mai suna John Charnley ne ya gyara wannan dabara wajen 1962, a ƙasarmu kuwa ana yin aikin a wurare kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Babban al'amari shi ne jini. Jinin mai sikila kullum a ƙasa yake, aikin kwatangwalo kuwa yana zubar da jini. Saboda haka likitoci sukan yi masa ƙarin jini tun kafin aiki, har awon jininsa ya kai wajen 10, a kuma ajiye waɗansu ledoji domin ranar. Amma ba kowane jini ba. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini tun yana yaro, jikinsa yakan koyi ƙin waɗansu irin jini, har neman wanda ya dace ya ɗauki kwanaki. An kuma fi son jinin mai AA. A nan ne iyali sukan sha mamaki, gama uba da uwar mai SS kowannensu yana ɗauke da S, 'yan'uwansa ma da yawa haka. Ashe tilas a duba waje. Ina roƙon shugabannin matasa da Zumuntar Mata, kada ku tsaya ga addu'a da kwanon abinci kaɗai. Ku nemi lafiyayyu masu shekara 18 zuwa sama, su je a gwada su tun da sauran makonni. Na taɓa ganin an ɗaga aiki ana gobe za a yi, don rashin leda biyu, mai ciwo kuwa ya riga ya biya kuɗin mota daga nesa.

Sai kuma faɗin gaskiya ga likita. Mai doguwar cuta yakan gaji da tambayoyi, ya riƙa cewa "lafiya lau". Kada a yi haka. A tattara dukan magungunan da ake sha a kai masa ya gani da idonsa, har da jiƙo da saiwa da na kemis. Wanda ya daɗe yana shan maganin zafi mai ƙarfi ya faɗi yawan da yake sha, ba kunya, domin likitan barci ya san abin da zai ishe shi bayan aiki. Kada kuma a daina wani magani sai likita ya ce. A tabbata likitan ƙashi da likitan jini sun yi magana da juna. In akwai ruɓaɓɓen haƙori, ko gyambo a ƙafa, ko zafin fitsari, a warkar da su tukuna, gama ƙwayar cuta takan bi jini ta maƙale a jikin ƙarfen, fitar da ita kuwa sai wani sabon aiki.

Ƙishirwa da sanyi suna cikin abubuwan da ke ta da sikila. Za a hana abinci na waɗansu awoyi kafin aiki, to, a tambaya ko za a sa ƙarin ruwa a wannan lokaci. A tafi da bargo. Bayan aiki, mai jinya ya riƙa tuna masa ya ja dogon numfashi kowace awa. In aka ga zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko haki, a kira nas nan take, ko da tsakar dare ne.

Na tambayi ɗalibata irin bayan gidansu. Ta yi dariya ta ce masai ne na tsuguno. Na ce to ga aikin babanki. Makonni shida na fari ko fiye, likita zai hana ta tsuguno, da zama a tabarma ko 'yar kujerar mata, da harɗe ƙafa, kada sabon ƙashin ya goce. A sa kafinta ya yi kujera mai tsawo da rami a tsakiya a ɗora kan masai. Katifar ƙasa a ɗaga ta kan gado. A sayi sandunan dogarawa ta fara koyo tun yanzu, gama bayan kwana ɗaya ko biyu za a ce ta tashi ta taka. Daka da ɗiban ruwa da wanki a durƙushe, a raba wa ƙannenta tun kafin ta tafi.

Ran Lahadi da ta wuce samari biyar suka ba da sunansu. An gwada su, uku AA ne. Kafinta kuma ya ce kujera za ta fito ran Asabar.