A SAKI KIFI, AMMA WANE KIFIN?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata al'ada ta Turawan Ingila da Amurka da na ji wasunmu suna yabo kamar su ari baki. Wai mutum ya ɗauki fatsa ya tafi bakin ruwa, ba don yunwa ba, ba don sayarwa ba. In kifi ya haɗiyi ƙugiya sai ya yi ta ja-in-ja da shi har ya galabaita, ya fito da shi, ya auna, a ɗauke su hoto, sa'an nan ya mayar da shi ruwa. Wannan ne wai tausayi da wayewar kai, masuntanmu kuwa da ke kama kifi su ci su sayar, su ne marasa imani. Haba jama'a!

Da can hujjarsu ita ce kifi ba ya jin zafi. To, a 2003 wata Baturiya masaniya, Lynne Sneddon, da abokan aikinta sun gano jijiyoyin da ke ɗaukar raɗaɗi a kai da leɓen kifi. Masana na ta gardama kan yadda abin yake kai masa, amma wanda ya taɓa ganin tarwaɗa tana mutsu-mutsu a kan ƙugiya ba ya jiran su gama. Kuma ba kowane kifin da aka saki ke rayuwa ba. Wanda ƙugiya ta shige masa ciki ko ta yaga masa wurin numfashi, da wanda aka daɗe da shi a tudu ana gyara tsayuwar hoto, sau da yawa can gaba yake mutuwa inda mai fatsa ba ya gani. Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba: a 2008 ƙasar Suwizalan ta haramta kama kifi da niyyar sakinsa. Masuncin da ya kashe kifi don tuwon gidansa yana da dalili. Shi mai wasan nan mene ne nasa, in ban da ƙoshi? Addininmu ya halatta mana kifi, bai halatta mana azabtar da mai rai don nishaɗi ba.

Sai dai kada masuntanmu su yi saurin tafa mini, don yanzu zan juyo kansu.

Tun da aka gama dam ɗin Chalawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, su ya zama sana'ar gidaje masu yawa a can da maƙwabciyarta Rogo. Ruwan da aka tare don noman rani da shan mutanen Kano ya zama gonar kifi wadda ba wanda ya shuka. Matsalar ke nan, watau kowa girbi yake yi. Duk mai zaga kasuwannin ƙauye ya ga 'yan mitsi-mitsin ƙarfasa da ba su kai yatsa ba, an soya an tsiba ana sayarwa kamar gyaɗa. Da me aka kama su? Da koma mai ƙananan idanu, wani lokaci ma da gidan sauron da aka raba don tsare yara daga zazzaɓi. Ƙarfasa a baki take ɗauke da ƙwanta har ya ƙyanƙyashe, saboda haka wanda ya kama uwa a wannan hali ya kama ɗaruruwa, kuɗin guda ɗaya zai karɓa. Ban ma so in taɓo masu zuba gamalin a ruwa, waɗannan ba masunta ba ne, masu kisan kai ne da ba su san wa za su kashe ba.

Ga inda sakin kifi ya zama wajibi. Ƙaramin da bai isa haihuwa ba, da uwa mai ƙwai, su ya kamata a mayar, kuma gara ma a ƙi kama su tun farko. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, sai wasu 'yan nau'o'in raga ƙayyadaddu. Wa ya taɓa ganin ma'aikaci da ma'auni a bakin ruwa?

Za a ce mini talauci ne, mai iyali ba ya jiran kifi ya girma. Gaskiya ne, kuma ba zan yi wa mai jin yunwa wa'azi daga ɗakin kwanan jami'a ba. Amma in shi kaɗai ya saki, maƙwabcinsa ne zai kama gobe, don haka abin ba na mutum ɗaya ba ne, na hukuma ne. Mu dubi Argungu, inda ake bikin su tun 1934. Abin da ke sa a fito da manyan giwan ruwa a Matan Fada shi ne Sarkin Ruwa ya hana taɓa wurin sai ranar da aka buɗe. Kabawa ba su koyi wannan a Landan ba.

Masarautar Ƙaraye, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Ƙaraye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da sarakunan ruwa da suka san kowane mai kwalekwale da sunan ubansa. Su zauna da masunta da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, su keɓe wasu lungunan dam ɗin, su rufe su a farkon damina lokacin da kifi ke zuba ƙwai, a kuma ƙona komar da aka kama da ƙananan idanu a bainar jama'a, ko ta ɗan wane ce.