Daga Bakin Allo: Baƙin Sama da Baƙin Ƙasa

A wannan karo za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa da kuɗin makaranta da muka saba yi a wannan fili, domin mu ba ku labarin wani kallo da aka yi a unguwarmu a nan Kumasi, wanda har yau ba a gama gardama a kansa ba.

A hutun da ya wuce ne samarin unguwa suka roƙi aron filin makaranta da bencina, suka kafa farin ƙyalle, suka ce za su nuna wa jama'a fim bayan sallar isha'i. Sunan fim ɗin District 9, watau Gunduma ta Tara. Ba sabo ba ne, tun 2009 ya fito, kuma wani haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Neill Blomkamp ne ya shirya shi. Mu dai tsaron bencina ya kai mu, kada yara su karya, amma sai muka zauna har ƙarshe.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. A 1982 wani ƙaton kumbo ya zo ya tsaya cak a sararin birnin Johannesburg. Da aka fasa shi sai aka tarar da halittun wata duniya fiye da miliyan ɗaya, yunwa da ciwo sun gama da su. Aka sauko da su aka zuba a wani fili, aka zagaye da waya. Shekaru na tafiya wurin ya zama unguwar bukkokin kwano da bola, mutanen gari kuma suka raɗa musu sunan wulakanci, suna kiransu jatan lande saboda kamarsu. Da jama'a suka gaji da maƙwabtaka da su, sai aka ba wani kamfani kwangilar kwashe su zuwa wani sansani nesa da gari. Wani ma'aikaci mai suna Wikus shi aka ɗora wa aikin bi ƙofa ƙofa da takardar tashi yana sa su dangwala hannu. Garin haka wani baƙin ruwa ya fallatsar masa a fuska, jikinsa ya fara rikiɗa yana komawa irin nasu. Nan take kamfanin da yake wa bauta, har da surukinsa, suka mai da shi abin farauta, bai sami mafaka ba sai a cikin waɗanda ya zo kora.

Yara su suka fara bayyana ra'ayinsu. Duk inda aka nuno halittun nan suna kokawa a kan gwangwanin abincin kyanwa sai fili ya ɗauki dariya da tafi. Da aka zo wurin da Wikus ya sa aka cinna wa wata bukka wuta da ƙwayayensu a ciki, shi kuma yana raha, yana kwatanta ƙarar fashewarsu da ta gugguru, wasu yaran suka taya shi dariya. Amma bayan an nuno wani daga cikin baƙin tare da ɗan ƙaramin ɗansa, yana ƙoƙarin gyara abin da zai mai da su gida, sai muka lura dariya ta ragu. Kafin a tashi, yaran da suka yi tafi da fari su ne ke ihu suna cewa a gudu kada soja ya kama yaron. Halittun ba su sake kama ba, yaran ne suka ga uba da ɗa.

Samari kuwa wani wuri ne ya tsaya musu a rai. A cikin fim ɗin akwai gungun 'yan daba da aka ce 'yan Nijeriya ne, masu sayar wa baƙin nan abinci da tsada, suna cinikin makamai da karuwanci, shugabansu kuma yana cin naman baƙin don ya sami ƙarfinsu. Sunan da aka ba shi Obesandjo, kowa kuwa ya ji ya san sunan tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo aka ɗan murɗa. Da yawa daga cikin samarinmu suna da dangi a Kano da Sakkwato da Legas, saboda haka ransu ya ɓaci ƙwarai, har wani ya ce a kashe injin. Ba su ne farkon masu wannan fushi ba. A watan Satumba na 2009 ministar yaɗa labarai ta Nijeriya ta lokacin, marigayiya Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi, ta kuma nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. Wanda ya fito a matsayin shugaban 'yan daban ma ba ɗan Nijeriya ba ne, ɗan Malawi ne mai suna Eugene Khumbanyiwa.

Muna tare da samarin nan a wannan magana. Masu kare fim ɗin sukan ce ai Turawan kamfanin sun fi kowa mugunta a ciki, kuma haka ne. To amma a cikin Turawa an nuna mugu, an nuna wawa, an nuna wanda ya yi nadama, a cikin 'yan Nijeriya kuwa ba a nuna ko mutum ɗaya na kirki ba. Mai wa'azin a daina yi wa baƙo kuɗin goro, ga shi shi ma ya yi wa wani baƙon. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne yadda wata marubuciya 'yar asalin Nijeriya, Nnedi Okorafor, ta yi da nata fushin: ta zauna ta rubuta littafi mai suna Lagoon, ya fito a 2014, inda baƙin sama suka sauka a Legas. Wannan ya fi kashe inji amfani.

Sai dai ra'ayin da ya sa muka ɗauki alƙalami na wani dattijo ne da ya zauna a gefe a kan buzunsa, bai ce uffan ba har aka gama. Muna kwashe bencina ya kira mu ya ce, "Malam, wannan takarda da yaron nan ke yawo da ita, ai na taɓa ganin irinta." Muka ce, "A ina, Baba?" Ya ce, "A nan garin, ina saurayi."

Ga wanda bai sani ba, ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Dubun dubatar mutane suka tashi, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, suka karyar da kayansu a kan kuɗi kaɗan, suka cika tasoshin mota. A cikinsu akwai waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce su koma ba. Kalmar da aka kira su da ita a Turancin wannan doka ita ce dai kalmar da ake kiran halittun sama da ita a fim. Dattijon bai san Turanci ba, amma ya gane takardar. A Janairun 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo daga Nijeriya, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta sami suna daga wannan tafiya.

Shi ma mai fim ɗin ba daga sama ya ɗauko labarinsa ba. A birnin Cape Town akwai unguwar da ake kira Gunduma ta Shida. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce ta Turawa ce zalla, aka kwashe mutum fiye da 60,000, aka bi gidajensu da katafila. Bukkokin da aka gani a fim ɗin kuma na gaske ne, a wani yanki na Soweto da ake kwashe mazaunansa aka ɗauka. A 2008, shekarar da aka yi ɗaukar, an far wa baƙi a Afirka ta Kudu a watan Mayu, mutum 62 suka mutu, kuma baƙar fata ne suka kashe baƙar fata. Mu ma a ƙasar nan mun ga yadda aka yi shekaru ana kiran Old Fadama ta Ankara da sunan Saduma da Gwamrata, kafin katafila ta shiga wani sashenta a watan Yunin 2015. Sunan banza yakan riga katafila isowa.

To, jama'a, a wane benci muke zaune? Mun saba ɗaukar kanmu waɗanda ake kora, kuma da dalili, domin har gobe ɗan zango yakan je wani ofishi neman takarda a dubi sunansa a tambaye shi inda kakansa ya fito. Amma mu tambayi kanmu da wane suna muke kiran 'yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwa, da Fulanin da suka sauka a bayan gari, da matan da suka zo da yara daga ƙasashen Sahel suna bara a bakin titi. Yaran da suka yi dariya a daren nan a gidajenmu suka koyi yadda ake yi wa baƙo dariya. Laifin wani tudu ne, ka hau naka ka hangi na wani.

Shawararmu biyu ce. Ta farko, duk mai yaro ya tabbata ya karɓar masa takardar haihuwa, ya adana ta tare da sauran takardun gida, kada a jira ranar da za a ƙwanƙwasa ƙofa. Ta biyu, a zaunar da dattawan da suka ga 1969 su ba jikokinsu labari tun suna raye, wanda ya iya rubutu ya rubuta. Mun roƙi Baba ya zo ajinmu idan an koma, ya kuma amsa. Gargaɗi ɗaya ga samari: fim ɗin yana da zub da jini da yawa, wani karon a sallami ƙananan yara tukuna.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.