A Bar Kuringar Inabi Ta Yi Ƙashi Kafin A Nemi 'Ya'yanta

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan inabi ya fita daga sahun kayan marmarin da ake zaton sai daga ƙetare suke zuwa. Manoman Ƙaramar Hukumar Kudan, kusa da Zariya a Jihar Kaduna, sun nuna a aikace cewa ƙasar Arewa tana karɓarsa, har amfaninsu yana shiga kasuwannin manyan garuruwa tare da wanda ake kawowa daga Afirka ta Kudu da Masar. Ganin haka ya sa ma'aikata da yawa suka shiga sayen dashe suna kafawa a bayan gida. Wannan abin yabo ne. Abin takaicin shi ne, in aka zaga bayan shekara biyu, abin da akan tarar a gidaje da dama shi ne tulin ganye ya sarƙe a jikin katanga, ba a gane gindi balle reshe, maigida kuwa ya riga ya yanke hukunci cewa irin banza aka sayar masa.

Galibi irin ba shi da laifi. Gaggawa ce ta jawo, da kuma tausayin da bai dace ba, irin wanda ke hana mutum sa wuƙa a jikin abin da ya dasa da hannunsa.

Kuringar inabi ba mangwaro ba ce, da za a dasa a zuba ruwa a koma gefe ɗaya ana jira. Mai yaɗo ce, ba ta iya tsayuwa da kanta, in kuwa aka ƙyale ta sai ta yi ta fid da toho ta ko'ina, kowanne yana jan abinci, babu wanda zai yi kauri. Saboda haka aikin shekarar farko guda ɗaya ne tak, wato a samar da gangar jiki ɗaya miƙaƙƙiya bisa saiwa mai zurfi. Idan dashe ya kama ya fid da toho uku ko huɗu, sai a zaɓi wanda ya fi lafiya, a kakkarye sauran. A kafa masa sanda, a riƙa ɗaure shi da tsumma mai laushi yayin da yake hawa, ɗauri sako-sako don kada ya shaƙe shi in ya yi jiki. Duk ɗan reshen da ya ɓullo a tsakanin ganye da kara a tsinke shi da farce tun yana ɗanye. Mako-mako ake yin wannan. Wanda ya bari sai ƙarshen wata ya leƙa lambu zai tarar rassan gefe sun rigaya sun cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi sama.

Inda akan sha daga da masu lambu shi ne batun fure. Sau da yawa kuringa 'yar wata biyar ko shida takan fid da nono ɗaya ko biyu, gida ya ɗauki murna, a kira maƙwabta su zo su gani. Abin da ya kamata a yi wa wannan nono shi ne a yanke shi a yar. Dalili kuwa a fili yake. Abincin da ganye ke sarrafawa daga hasken rana yana da iyaka, kuma 'ya'ya sun fi kowane sashe na kuringa ƙarfin jansa. Abin da ya tafi cikinsu an hana wa saiwa da gangar jiki ke nan, alhali a can ne kuringa ke ajiye guzurin da za ta sake toho da shi bayan an yi mata aski. Maigida zai ci 'yan ƙwayoyi masu tsami da ba su cika tafin hannu ba, ya kuma mayar da kuringarsa baya da shekara guda. A ƙasashen Turai akan jira shekara ta uku kafin a ɗebi amfanin kirki. A ƙasa mai zafi girma ya fi sauri, ana iya samu a shekara ta biyu, amma sai in an bar ta farko ta tafi a gina jiki.

Rumfa kuma a kafa ta tun kafin kuringa ta buƙace ta. Tsawonta ya kai kamar mita 2, yadda mutum zai shiga ƙarƙashi ya yi aiki a tsaye, dirkokinta su kasance na ƙarfe ko na siminti, domin gara ba ta barin itace, kuma rumfar da ta rushe da kuringa a kanta ba ta gyaruwa da sauƙi. Idan kan kuringa ya kusa kai wayar sama, sai a datse shi kaɗan a ƙasa da ita. Toho biyu da za su fito a nan su ne za a kwantar bisa waya, ɗaya gabas ɗaya yamma, su zama hannuwanta na dindindin. A bar tazarar kamar mita 3 tsakanin gindi da gindi, wanda ke nufin gida mai matsakaicin fili gindi ɗaya ko biyu sun ishe shi. Kada a kafa ta ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya, don rana take so tun safe har yamma, kada kuma a bakin rariyar wanka, inda ruwan sabulu ke kwanciya, da sunan sauƙaƙa ban ruwa.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar masu ilimin zamani fiye da manomin ƙauye. Ma'aikaci ko ɗalibi in ya rasa abin yi sai ya buɗe littafi ko ya duba intanet, mafi yawan abin da zai samu kuwa an rubuta shi ne don Ingila ko Faransa ko Amurka. A can za a ce masa ya yi aski a lokacin sanyi, bayan ganye ya zube kuringa ta yi barci. To, sanyin hunturu na Kano ko Zariya bai kai ya sa ta wannan barci sosai ba. Mai jiran ganye ya zube da kansa zai daɗe yana jira.

Ƙasar da ta fi dacewa a duba ita ce Indiya, musamman yankin Nashik a Jihar Maharashtra, inda damina ke sauka daga Yuni zuwa Satumba sannan rani ya biyo, kusan yadda take a Arewa. Manoman can sau biyu suke aski a shekara. Na farko wajen Afrilu, bayan an gama girbi, inda ake datse rassa har kusa da hannuwa don a sami sababbi. Na biyu wajen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, shi ne askin 'ya'ya. Daga wannan aski zuwa nuna akan ɗauki wata huɗu zuwa biyar, ta yadda amfani zai nuna a cikin rani. Hikimar ita ce a raba fure da 'ya'ya da ruwan sama, domin laima ce ke kawo cutar fumfunar ganye, wadda ta shiga Faransa daga Amurka a 1878 ta yi ɓarna mai yawa, har sai da wani masanin tsirrai na Jami'ar Bodo mai suna Milade ya bayyana maganin feshi na tagulla da farar ƙasa a 1885. Kuringar da ta yi fure a watan Agusta a Zariya, ita da wannan cuta sai abin da hali ya yi.

Ko askin ma ba iri ɗaya ba ne ga kowane inabi. 'Ya'ya suna fitowa ne a sabon tohon da ya tashi daga reshen da ya ƙosa ya yi launin ƙasa-ƙasa. Wani irin, idanunsa masu haihuwa suna kusa da gindin reshe, ana datse shi gajere. Wani kuma, kamar Thompson Seedless marar ƙwallo, sai can gaba, in aka datse shi gajere an zubar da amfanin shekara. Ke nan wanda bai san sunan irin da ya dasa ba lalube yake yi cikin duhu, masu sayar da dashe a bakin titi kuwa amsarsu ba ta wuce "baƙi ne" ko "kore ne".

A nan ne hukuma ke da aiki. Shirin ciyar da ƙasa na 1976 ya kira ma'aikata da makarantu su noma bayan gidajensu, amma masara da kuɓewa wata uku ne, wanda ya yi kuskure bana ya gyara baɗi. Kuskuren shekarar farko a jikin kuringa yana bin ta shekaru. A wancan zamani ma ma'aikaci yana da uzurin cewa gidan na Gwamnati ne, ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin ya ci. Tun daga 2003 da Gwamnatin Tarayya ta koma biyan kuɗin haya a cikin albashi, aka kuma sayar da gidajenta da yawa, wannan uzuri ya ragu. Ya kamata Ma'aikatun Gona na jihohi, tare da cibiyoyin bincike da yaɗa dabarun noma da ke Samaru, su fitar da ɗan littafi da Hausa mai ɗauke da jadawalin aski bisa damina da rani na kowane yanki, su kuma tanadi wuraren renon dashe inda kowane gindi ke ɗauke da sunan irinsa. Makarantun sakandare masu koyar da aikin gona su ma gindi biyu sun ishe su darasin shekara uku, aji ya miƙa wa aji.

Wanda kuwa tasa kuringar ta riga ta sarƙe, ba sai ya tuge ta ba. Ya jira ruwa ya ɗauke, ya duba cikin rassan da suka tashi daga ƙasa ya zaɓi mafi kauri da miƙewa, ya yanke sauran daga tushe da almakashi mai kaifi. Ya zuba ruɓaɓɓen taki a kewayen gindi ba tare da ya taɓa kara ba, ya yi ban ruwa mai zurfi, ya ɗaure zaɓaɓɓen reshen a sanda ya nufi rumfa da shi. Furen da ya fito a wannan zagaye shi ma a cire shi.