"Da Sauƙi" Ba Ta Isa Ba, A Bari A Auna Tafiyarku

A wannan fitowar ina magana ne da masu fama da cutar maltiful siklerosis, wadda ake taƙaitawa da MS. Ba ta da alaƙa da sikila. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana lalata rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai saƙo ya riƙa jinkiri kafin ya isa ƙafa. Ta fi kama mata, galibi masu shekara 20 zuwa 40, kuma tafiya na cikin abubuwan da ta fi taɓawa.

Al'adarmu ce idan aka ce "ya jiki?" mu amsa "da sauƙi". Tarbiyya ce mai kyau, amma likita ba zai iya yanke shawarar magani a kanta ba. Ra'ayina shi ne duk mai wannan ciwo ya nemi a auna tafiyarsa da agogo duk lokacin da ya zo asibiti, a kuma rubuta masa a kati.

Awon ba wuya. Ana shata layi mai tsawon ƙafa 25, wato mita 7.6, ku yi tafiya iya saurinku ba tare da kasada ba, ana ƙirga daƙiƙoƙi. Sau biyu ake yi, a ɗauki tsaka-tsaki. Idan lokacin ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, misali daga daƙiƙa 10 zuwa 12, likitoci na ɗaukarsa canji na gaske. Akwai kuma tafiyar minti 6, wadda ke nuna yadda gajiya ke kama ƙafa, da ma'aunin da Dakta John Kurtzke na Amurka ya fitar a 1983, mai mataki 0 zuwa 10. A mataki na 6 mutum na buƙatar sanda kafin ya yi tafiyar mita 100.

Wasu kan ce awon tayar da hankali ne kawai. Na fahimci tsoronsu. Sai dai wannan ciwo yakan ci gaba a hankali, ta yadda ko mai shi ba ya lura. Lambobin da ke kati ne za su fara tona shi, tun ana iya sauya magani ko a fara gashi da motsa jiki.

Don awon ya faɗi gaskiya, kada ku ɓoye sanda saboda kunya. In da ita kuke tafiya, da ita za a auna ku. Ku sa irin takalmin da kuka sa a awon baya. Ku faɗa idan kuna zazzaɓi ko ciwon fitsari, ko kun sha rana a hanya, domin zafi kan tsananta alamomin ciwon na ɗan lokaci. Awon tsakar rana a watan Afrilu ba ɗaya yake da na safiyar hunturu ba.

Ku kuma 'yan'uwana mata masu juna biyu, tashin ciwon yakan ragu a watanni ukun ƙarshe na ciki, ya kuma ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa. Don haka a auna ku kafin ciki ya tsufa, a sake bayan kun sauka. Kada a ɗora duk wani nauyin ƙafa kan jego.

Allah Ya ba mu lafiya mai ɗorewa, amin.